A Daina Yi Wa Tsofaffin Jita Fenti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin makaɗa da dillalan kayan gwanjo na Katsina kan tsohuwar jita mai akwatin katako wadda kuma ake jona wa lantarki. Wasu da suka shigo hannunmu sun fi kuɗin da aka saye su daraja, amma gyaran ganganci da hunturu suna gamawa da su.

A 1954 kamfanin ƙera jita na Gibson ya fito da jita samfurin J-160E, da maganaɗisun ɗaukar sauti a gindin wuyanta. Ta John Lennon, mawaƙin ƙungiyar Beatles, an sayar da ita dala miliyan 2.41 a 2015. Kamfanin Martin kuwa ya ƙera samfurin D-18E guda 302 kacal ya daina, don nauyin na'urorin da aka ɗora wa fuskarta ya dakushe amonta, kasuwa ta ƙi ta. Ƙarancin nan ne ya zama darajarta. Wadda Kurt Cobain, mawaƙin ƙungiyar Nirvana, ya kaɗa ta kai dala miliyan 6 a 2020. Sunan mai ita ne ya kai ta can, gaskiya ne, amma ko wadda ba ta da tarihi, mai saye abu ɗaya yake dubawa: tana nan yadda ta baro masana'anta? Sabon fenti kaɗai kan zaftare kusan rabin kuɗinta. Tsagewar nan sirara a tsohon fenti, kamar ƙasar fadama da rani, shaida ce cewa fentin na asali ne, a bar ta.

Babbar matsalarmu bushewa ce. Katakon yana son laimar iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturunmu kuwa yakan sauko ƙasa da 20. Fuskar sai ta lotsa, tsirkiya ta fara zuza, bakin ƙarafunan wuya su fito suna kartar yatsa, daga nan sai tsaga a bayan jaki, wato katakon da ke riƙe tsirkiya a fuskar jitar. Maganin ba tsada. A huda kwanon sabulu na roba wuri goma, a sa soso da aka jiƙa aka matse har ba ya ɗiga, a rufe shi tare da jitar cikin jakarta, a sake jiƙawa duk kwana biyu ko uku. Kada a bar ta a but ɗin mota, domin zafi yana sassauta gam, jaki ya ɗago. In ya ɗago a sassauta tsirkiya nan take. Don Allah ban da sufa gulu, yana shiga katako ya hana gyara na gaba.

Masu maganaɗisu a sa musu tsirkiyar nikel, ta tagulla ba ta fita sosai a sifika. Waɗanda ke da batir mai ƙarfin volt 9, a cire shi in za a ajiye, ruwansa na cinye wayoyi. Duk abin da aka sauya, ko noti ne, a ƙulle shi a leda a ajiye cikin jakar.

Naku,
Mai gyaran kayan kiɗa,
Ƙofar Ƙaura, Katsina