Masu buga banar tarbar baƙi a Katsina, don Allah a riƙa dubawa

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in yi magana da masu buga bana a garin nan namu.

Duk sanda alhazai suka fara dawowa ko wani babba zai shigo gari, tun daga hanyar filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa har cikin gari sai ka ga banoni rututu, hoto tangaran, kala ta fito, an kashe kuɗi sosai amma kalma ɗaya tak ta gagari mutane. Wannan ya rubuta Wellcome da L biyu, wancan ya raba ta gida biyu well come. To jama'a L ɗaya ce kuma a haɗe take. A tsohon Turanci wilcuma ake cewa, baƙon da ake murnar zuwansa kenan.

Inda aka fi yin ɓaranɓarama shi ne in za a ce wane ya tarbi wane. Gari ɗaya ko mutum ɗaya, Katsina welcomes you, da S. In ƙungiya ce ta ce we, to we welcome ne, S ɗin nan ba ta da wurin zama, amma kullum sai ka ga we welcomes an rataye shi a bakin titi wata guda rana tana dukansa. In an riga an yi tarbar kuma welcomed ne, kada wani ya ce tunda come tana komawa came bari ya rubuta welcame.

Shi kuwa you are welcome, Bature ya fi faɗinsa in ka yi masa godiya, kamar mu ce ba komai. Mu nan mun maida shi sannu da zuwa, ni wannan bai dame ni ba tunda kowa ya gane.

Abin da ya dame ni, garin da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ai bai kamata a ce baƙo ya fara cin karo da wannan a Katsina ta Dikko ɗakin kara ba. Kuma wai dole ne sai Turancin? Hajiya ta dawo daga Makka, jikoki sun haɗa kuɗi sun yo bana, ita ko harafi ɗaya ba ta karantawa a ciki. Lale marhabin da Hajiya, barka da sauka, mi ya fi wannan daɗi?

Mai shago, kafin ka danna inji, tura wa mai aikin hoton a WhatsApp ya kai wa malamin Turancin unguwarsu ya duba tukunna.

Naku,
Wani malamin makaranta mai ritaya, Katsina