Hatzegopteryx a ƙasa yake farauta, a gyara masa hali a wasan Path of Titans

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in tofa albarkacin bakina kan wata magana da wasu dattawa za su ga ba ta kai a kawo ta jarida ba. Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata sakandare a Katsina, kuma ɗalibaina da dama suna buga wasan Path of Titans na kamfanin Alderon Games a wayoyinsu. A wasan, mutum yakan zaɓi dabba ɗaya daga dabbobin zamanin dainoso, ya fara da ita tana ƙarama, ya nema mata ci da sha, ya tsare ta daga masu farauta har ta girma. Yawancin dabbobin da zai haɗu da su, mutane ne irinsa ke sarrafa su ta intanet.

Kukan da na fi ji a bakin yaran nan na Hatzegopteryx ne, wanda suke kira Hatz. Yaro ya sha wahalar rainon dabbarsa, kwatsam sai ƙaton abu mai fiffike ya faɗo mata, ya cafke ta da baki, ya yi sama da ita, ya sake ta. Wasunsu cewa suke a cire shi daga wasan baki ɗaya. Ni ban goyi bayan haka ba. Cin ƙananan dabbobi shi ne ainihin sana'arsa. Abin da ya dame ni shi ne yadda aka mayar da shi shaho.

Dabbar nan ta rayu da gaske, a ƙarshen zamanin dainoso, kimanin shekaru miliyan 66 da suka wuce, kuma ita kanta ba dainoso ba ce, dangi ne na kusa masu tashi. A yankin Hateg na ƙasar Romaniya aka tono ƙasusuwanta, kuma a 2002 masanin ƙasusuwan halittun dā Eric Buffetaut da abokan aikinsa suka raɗa mata suna. Faɗin fikafikanta ya kai mita 10 zuwa 12. A wancan lokaci Hateg tsibiri ne, dainoso ɗin da ke cikinsa kuma tsumburarru ne. Magyarosaurus, wanda danginsa a wasu wurare ƙatti ne na ban mamaki, tsawonsa bai wuce kusan mita 6 ba. Ba a samu manyan dainoso masu cin nama a tsibirin ba, don haka Hatz ne ya riƙe sarautar dawa.

To, ta yaya yake kama abinci? A 2008 masana biyu, Mark Witton da Darren Naish, suka duba ƙafafu da wuya da baki na wannan dangi, da sawun da aka gano a Koriya ta Kudu, suka kawo hujjar cewa da ƙafa huɗu suke yawo a fili, fikafikai a naɗe, suna tsintar ƙananan dabbobi da dogon baki marar haƙori. Da shamuwa da burtu suka kwatanta su. Duk wanda ya taɓa ganin burtu yana takawa cikin ciyawa a hankali, yana duba ƙasa, ya sari ƙadangare ya haɗiye, ya riga ya ga hoton abin, sai dai ya ƙaddara tsayinsa ya kusa na raƙumin dawa. A 2017 mutanen biyu suka ƙara nuna cewa wuyan Hatzegopteryx gajere ne mai kauri, wanda zai ba shi damar dukan dabba mai ɗan girma. Fiffike na kai shi wurin kiwo ne, farautar kuwa a ƙasa take.

Masu wasan sun yi ƙoƙari da suka sa yana kamu da baki. A wani wasan daban mai suna ARK, ɗan'uwansa Quetzal da ƙafa yake ɗaukar dabbobi, alhali ƙafar waɗannan halittu shimfiɗaɗɗiya ce ta tafiya, ba ta damƙa. Amma dabbar da masana ke ƙiyasta nauyinta kilo 200 zuwa 250, wadda ke tashi ta hanyar tunkuɗa ƙasa da hannuwanta, ina za ta iya ɗaga wani nauyi a baki ta yi ta shawagi da shi?

Abin na damuna ne saboda ɗalibina ya fi riƙe abin da ya gani a waya fiye da abin da na rubuta a allo. Ina so masu wasan su sa Hatz ya sauka kafin ya kama, tashi ya riƙa cin ƙarfinsa sosai, kaya mai nauyi kuma ya hana shi barin ƙasa. Da haka ƙaramar dabba za ta hango shi yana tahowa, ta samu zarafin faɗawa kurmi, shi kuma mai sarrafa shi dole ya koyi sanɗa da haƙuri.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Malamin kimiyyar halittu, Katsina