Mai bawul a zuciya in ya yi zazzaɓi, kar a tsaya kan malariya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili, daga Gadarif ta ƙasar Sudan nake rubutowa kuma wallahi raina ba daɗi. 'Yar yayana ce, shekararta 24, aka canza mata bawul ɗin zuciya, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya, wanda a nan muke ce ma simam, ciwon maƙogwaron da ta yi ta fama da shi tana yarinya ne ya lalata mata nata. Aiki ya yi kyau har muka yanka rago. Wata huɗu da sallama sai ga zazzaɓi, ba mai zafi sosai ba, yau ya sauka gobe ya dawo, ga zufar dare ga rama.

To mu nan ko kai ne ya sara maka malariya za a ce. Sau biyu tana shan maganinta, aka koma aka ce taifot, wani kuma ya ce a duba kala-azar, ciwon nan mai dogon zazzaɓi da kumburin saifa, tunda garinsa ne, sati shida muna wannan yawon kuma har da ni ba wanda ya kawo zuciyar a ransa, sai ranar da ƙafarta ta hagu ta yi sanyi ƙalau ta kasa takawa.

Wata likita, Allah ya saka mata, ita ta ɗibi jini aka yi mazra'a, wato gwajin rainon ƙwayar cuta daga jini, aka zura na'urar eko mai ɗaukar hoton zuciya ta maƙoshi. Candida ce, irin fangas ɗin nan da ke sa farin baki ga jarirai, ta shiga jini ta manne a jikin bawul ɗin ta yi curi babba, gutsuren curin ne ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙafa, da ƙwaƙwalwa ya nufa da shanyewar jiki muke magana yanzu. Ta ce daɗewa da robar ƙarin ruwa a babbar jijiya da yawan antibayotik suna buɗe mata hanya. Akwai ma wani fangas ɗin, Aspergillus, da sau da yawa ba ya fitowa a gwajin jini sam.

Kuma magani kaɗai da wuya ya isa. Sai da aka sake buɗe ƙirji aka cire bawul ɗin, yanzu tana kan amphotericin B, wato AmBisome ɗin da muka sani saboda kala-azar, a ƙalla sati 6 bayan aiki, sannan fluconazole na dogon lokaci, shi kuma yana ƙara ma warfarin, maganin tsinka jinin da take sha, ƙarfi, dole a riƙa auna INR, wato gwajin daskarewar jini, a kai a kai.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 mutanenmu da yawa da aka yi ma wannan aikin sun watse ƙauyuka ba mai bibiyarsu. Roƙona ga ma'aikatan lafiya, in mai tabo a ƙirji ya zo da zazzaɓin da ya ƙi tafiya, a ɗibi jinin mazra'a kafin a ɗora shi kan antibayotik. 'Yan uwa kuma ku buɗe baki ku ce yana da simam, ko ba a tambaye ku ba.

Yau kwananta 19 a gado, ƙafar ta fara ɗumi. A sa ta a addu'a.

Naku mai karatu,
daga Gadarif, Sudan