Ina masu ƙananan kamfanoni a shirinku na daren Laraba?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na daren Laraba ya ɓata mini rai ƙwarai. Kun tara malaman jami'a da manyan ma'aikata suna ta yabon haɗin gwiwarsu da ƙananan kamfanonin fasaha, amma ko mutum ɗaya mai shago ba ku gayyata ba. Ai ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

Ni da yarana muna haɗa wutar sola da famfunan ban-ruwa a nan Yamai. Haɗin gwiwar da na sani shi ne a turo ɗalibi sitaj da takarda a hannu, ya yi wata biyu, in buga masa hatimi, ya tafi. Ɗaliban ba su da laifi. Wata ɗaliba ce ma ta gano abin da ke ƙona mana na'urar cajin batir idan zafin Afrilu ya tsananta. Ta rubuta a kundinta na kammala karatu, babu malamin da ya taka ƙafa ya zo mu ɗora a kai.

Na je wata babbar makaranta neman a auna mini batiran da na sayo daga Sin, in san ko ƙarfin da aka rubuta a jikinsu gaskiya ne. Da kuɗina na je, ba bara ba. Aka ce in rubuto wasiƙa, na rubuta, har yau shiru. Na'urar awon kuwa da idona na gan ta, lulluɓe da leda, ƙura ta rufe ta.

Marigayi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ba haka ya yi aiki ba. Bayan ya karɓi ragamar ONERSOL, ofishin makamashin hasken rana na Nijar, a 1969, an riƙa ƙera na'urorin ɗumama ruwa da murhun hasken rana a ƙasar nan. Yau ga tashar sola ta Malbaza mai megawat 7, ga ta Gorou Banda mai 30. Tun da Najeriya ta yanke mana kuran a Agustan 2023 jama'a suka yi ca a kan sola, kuma mu ake bugo wa waya idan batir ya mutu cikin dare. Don Allah ku maimaita shirin, ku zaunar da mu gaban malaman.

Sannan lambar da kuke bayarwa a kira, ana ta bugawa ba a ɗauka, sai gaishe-gaishe kuke karantawa har lokaci ya ƙare. Ku gyara wannan ma.

Mai sauraronku,
daga unguwar Wadata, Yamai