Wasiƙa: Hanyar Gembu ta fi ƙarfin addu'ar direba kaɗai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in faɗi abin da idona ya gani a hanyar hawa tsaunin Mambilla da ke jihar Taraba, don tun da na dawo abin yake cina.

Ƙarshen watan Satumba ne, a nan Kano kaka ta shigo har an fara yankan gero, wani abokina da muka yi makaranta tare ya gayyace mu ɗaurin aurensa a Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba. Mu huɗu muka tafi. Ya ce mu taho da rigar sanyi muka yi masa dariya, wai sanyi a Satumba. To mun ga sanyi.

Mun kwana a Jalingo, da asuba muka kama hanya ta Garba Chede zuwa Bali, daga nan sai Serti inda ofishin gandun dajin Gashaka Gumti yake, wanda shi ne mafi girma a duk Najeriya, a cikinsa ne ma dutsen Chappal Waddi yake mai tsayin mita 2,419, babu wanda ya kai shi a ƙasar nan. Wannan ɓangaren dai ramuka ne da zafi da shingen jami'an tsaro, ba sabon abu. Labarin yana farawa ne daga Mayo Selbe, gindin dutse. Nan direbanmu, wani dattijo ɗan yankin da muka ɗauka a Jalingo don ba mu yarda da kanmu ba, ya tsaya ya duba ruwan lagireto, ya tattaka birki, ya ce kowa ya yi bisimilla kuma kada wanda ya yi masa magana sai mun kai sama.

Malam Edita, ban taɓa ganin hanya irin wannan ba. Kwana bayan kwana, dama dutse ne ya tokare sama, hagu kuma rami ne da ba ka ganin ƙarshensa sai kan bishiyoyi can ƙasa kamar ciyawa, kuma a wurare da yawa babu ko ƙarfe ɗaya a bakin titin da zai tare mota in ta kuɓuce. Kowane wuri da sunansa. Akwai Hawan Biyu da Sisi, akwai Kwanar Drum, akwai Kwanar Gwamna, wadda direban ya ce wai wani gwamna ne ya zo nan ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya ce a juya da shi. Shi ya faɗa, ni dai da na leƙa ƙasa na ce ban ga laifin gwamnan ba. Motar na giya ɗaya tana kuka, ƙaurin kuloci ya cika ciki, abokin tafiyarmu da yake ta surutun siyasa tun daga Bali ya koma hailala. A wata kwana muka tarar ƙasa ta zaftaro daga saman dutse ta cinye rabin titi, can damina ba ta sauka ba tukuna, samarin ƙauye ne da shebur da fartanya suke kwashewa ana ba su ɗari biyu ɗari biyar. Gaba kaɗan ga babbar mota ta kafe da lodin ayaba da fiya, yaron motar ya ce kwanansu biyu a wurin, ya miƙo mana fiya kyauta ya ce gara mu ci da ta ruɓe.

Amma da muka haura, Allahu Akbar. Sai ka ga kamar an buɗe maka wata duniya. Tuddai kore shar iya ganinka, babu ƙaya babu ƙura, jajayen shanu masu dogon ƙaho suna kiwo a gangare, gajimare yana wucewa ta ƙasanka, wallahi ƙasanka. Layin bishiyar zaiti a bakin gidaje. A Maisamari muka yi azahar, ruwan alwala kamar daga firji aka ɗebo. A Nguroje muka sha shayi da madarar shanu ta gaske, mai shayin yana mana Fulatanci muna masa Hausa, a can Fulatanci ne yaren kasuwa tsakanin ƙabilun Mambilla da Kaka da Fulani da sauransu. Ganyen shayin ma a nan ake nomansa, gonar Kakara, wanda ake sayarwa da sunan Highland Tea. Sau nawa na sha shi a Kano ban san daga ƙasata yake fitowa ba, kunya ta kama ni. Mun shiga Gembu bayan magariba ina makyarkyata, sai da kawun ango ya ara min bargo.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Mu a nan in aka ce Mambilla, wutar lantarki kawai muke tunawa. Tun shekarun 1970 ake maganar gina dam ɗin samar da wuta a can, a 2017 aka sa hannu kan kwangilar dala biliyan 5.8 don samar da megawat 3,050, har yau ba mu ga wuta ba, kullum a rediyo ana cewa an kusa. Amma ba na jin ana maganar mutanen da suke zaune a saman dutsen, da hanya ƙwaya ɗaya da suke bi su sauko. Wanda ma zai kai injin dam ɗin ta ina zai bi da shi, ta Kwanar Gwamna? Mutanen nan fa a 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama a Arewacin Kamaru, yankin ya zaɓi ya shigo Najeriya, har aka sa wa lardin sunan Sardauna. Dattawan da muka zauna da su bayan ɗaurin aure sun tuna mana wannan ba sau ɗaya ba, cikin raha dai, amma ka san raha ce mai ciwo.

Kawun angon ya ce min in mace ta kasa haihuwa aka ce a sauka da ita Jalingo, to sai dai a yi ta salati, tafiyar wuni guda ce in hanya ta yi kyau, in ƙasa ta zaftare kuma shikenan. Ƙauyukan ciki kuwa tsofaffin Land Rover ne kawai ke shiga, irin waɗanda kakanninmu suka sani, an ɗaɗɗaure su da waya da roba, su da 'yan acaɓa masu takalmin ruwa. Manomi ya noma masara da dankalin Turawa da kofi, kuɗin mota ya cinye ribar kafin kaya su kai Serti.

Ni ba injiniya ba ne, amma abin da nake roƙo bai kai biliyan biyar na dala ba. A sa ƙarfen kariya a kwanonin nan, a yi magudanar ruwa a gefen dutse, a ajiye katafila ko guda ɗaya a Mayo Selbe duk damina saboda zaftarewar ƙasa, maimakon yara da shebur. 'Yan majalisar yankin kuma su riƙa bin hanyar a Satumba, ba sai rani lokacin kamfen ba. Ku ma 'yan jarida ku tura wakilinku ya hau da kansa ya ɗauko hoto, ya tafi da rigar sanyi.

Saukowa ta fi hawa tashin hankali, sau biyu muna tsayawa birki ya huce. Babbar motar nan mai ayaba tana nan inda muka bar ta, an sauke kayan a gefen titi, ƙudaje sun rufe su.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku daga Fagge, Kano