Mun Kwaso Gilashi, Mun Baro Dalilinsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan benayen gilashin nan da ake ta dasa mana a Kano da Abuja, bankuna, plaza, har da ofisoshin gwamnati.

Shi fa wannan salo da asalinsa. A 1851 aka yi Crystal Palace, wani katafaren zauren baje koli a Landan, na ƙarfe da gilashi, kuma wanda ya zana shi, Joseph Paxton, mai kula da lambu ne da ya saba gina ɗakunan gilashi masu riƙe wa shuka ɗumi, ka ga tun daga tushe abin na masu neman rana ne. Da ginshiƙan ƙarfe da kankare suka ɗauke nauyin gini sai bango ya zama ba dole ba, aka mayar da shi taga gaba ɗaya, kamar makarantar Bauhaus ta Jamus a 1926.

Wanda ya fi shiga raina shi ne majalisar Jamus a Berlin. A 1999 aka sake buɗe ta da ƙubbar gilashi da Norman Foster ya zana, mutum zai yi rajista ya shiga kyauta, ya bi hanyar da ke murɗawa har sama, zauren 'yan majalisa yana ƙarƙashinsa, ga madubai a tsakiya suna tura hasken rana ciki. Ƙasar da ta ɗanɗana mulkin Hitler ce take cewa jama'a su hau sama su ga abin da ake yi da sunansu.

Mu kuma wallahi gilashi mai duhu ake liƙa mana, na ciki ya gan ka kai ba ka gan shi ba, a zagaye da katanga da waya, mai gadi ya tare ka a get. In zafin Afrilu ya zo aka ɗauke wuta ofis ya koma tanda, sai janareto da dizal, tagar ma ba ta buɗuwa.

Alhali maginanmu na da sun san kan abin, bangon ƙasa mai kauri da 'yan ƙananan tagogi don a samu sanyi, cikin gida a suturce, zaure kuma a buɗe, baƙo ya zauna, mai ƙorafi ya samu mai gida.

Roƙona ga masu zanen gini da masu ba da kwangila, in za a gina majalisa ko sakatariya a fara da inda talaka zai zauna cikin inuwa ya ji abin da ake tattaunawa, a yi baranda, a sa tagogin da iska za ta ratsa.

Naku,
Mai karatu daga Kano