Kada a zaunar da wanda ya samu sauƙin larurar ƙwaƙwalwa a gida

Assalamu alaikum, Edita. Ina roƙon fili in yi magana kan matasanmu da larurar ƙwaƙwalwa ta kwantar shekara da shekaru, Allah Ya ba su sauƙi, amma har yau ba su taɓa riƙe kuɗin guminsu ba. Iyaye kan ce a bari ya warke sarai tukuna. Wannan jiran yana da illa, domin zaman kashe wando da kaɗaici suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Da zarar likita ya ce jiki ya daidaita, a fara aiki ana shan magani, kamar yadda mai hawan jini yake yi.

Daga asibiti ake farawa, ko Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato. A gaya wa likita ainihin aikin da ake nema. Magunguna irin su chlorpromazine da olanzapine suna sa barci, haloperidol kuma yakan sa rawar hannu da sandarewar jiki. Likita zai iya mayar da mai sa barcin zuwa dare, ko ya rage shi, ko ya sauya shi da allurar da ake yi duk mako 2 zuwa 4. Inda ake samun matsala shi ne mutum ya ga barci na hana shi aiki, sai ya ajiye magani da kansa, ko ya koma shan tramol don ya ji ƙarfi. Ciwon ba ya dawowa washegari, yakan ɗauki makonni ko watanni, shi ya sa ake ruɗuwa a zaci an rabu da shi.

A zaɓen aiki, barci ne ma'auni. Gadin dare da duk aikin da ake juya mutum yau rana gobe dare ba su dace ba, musamman ga mai ciwon da ke hawa da sauka, wato wani lokaci zumuɗi ya yi yawa, wani lokaci damuwa ta danne shi, don rashin barci na kwana biyu ko uku ya isa ya tayar da shi. Mai jin magagin magani kada ya hau Keke Napep ko ya tsaya kan injin yankan katako. Mai shan lithium kuma ya kiyayi aikin cikin rana lokacin bazara, domin idan ruwan jiki ya ragu maganin yana taruwa a jini har ya zama guba. Ɗinki, gyaran waya, tsaron shago, aikin kwamfuta, duk suna da kyau a matsayin mafari. A soma da rabin yini, kwana uku a mako, sai bayan wata guda a ƙara. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, tana haɗa matasa da masu koyar da sana'a, a leƙa ofishinta na jiha.

Wanda ya gama jami'a kafin ya cika shekara 30 sai ya yi bautar ƙasa ko da ya makara, amma da rahoton likita zai iya neman a dawo da shi kusa da asibitinsa.

Idan aka tambayi shekarun da suka wuce ba karatu ba aiki, amsa gajeriya ta wadatar: na yi jinya, na samu sauƙi, ga abin da na iya. Ba dole ba ne a zayyana sunan ciwo, amma kada a yi ƙarya a takardar gwajin lafiya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta haramta nuna wariya wajen ɗaukar aiki, ya kamata masu kamfanoni su san da ita.

Abin da za a roƙi maigida kaɗan ne: a bar yaro ya je asibiti ranar da aka ba shi, kuma a samu mutum ɗaya amintacce a wurin aiki da ya san alamun farko na dawowar ciwon, wato raguwar barci, yawan surutu, zargin mutane ko janye jiki, don ya kira gida da wuri. Idan kuɗin farko ya shigo hannu, a fara ware na maganin wata mai zuwa kafin a taɓa sauran.

Daga wani ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, Kaduna.